Kwamfuta Ma Tana Jin Zafin Makka

Kusan duk wanda za ka gani a YouTube yana koyar da yadda ake ƙara wa kwamfuta gudu, a ɗaki mai sanyi yake zaune. Wani yana Jamus, wani yana Kanada, wani yana ɗakin gwaji a Taiwan, kuma idan sun zo faɗin sakamako sai ka ji sun ce iskar ɗakin digiri 21 ce ko 22. Mu da muke Makka, wannan lambar sai dai mu gan ta a jikin rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki. A watan Janairu da ake cewa ana sanyi, rana takan kai digiri 30 a garin nan. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, 42 da 43 abin yau da gobe ne. Saboda haka lissafin da ya yi wa mutumin Jamus daidai, idan ka kwaso shi yadda yake ka ɗora wa taka na'urar a nan, ba lallai ya fitar da kai lokacin zafi lafiya ba.

Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin kwamfuta a Jami'ar Ummul Ƙura. Binciken da nake yi ya shafi tafiyar cunkoson jama'a: a gina hanya ko ƙofa a cikin kwamfuta, a zuba mata dubban mutane na lissafi, a ga inda za su cushe da inda za su wuce salin alin. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Harami bayan sallar Tarawihi ya san dalilin da ya sa irin wannan bincike yake da muhimmanci a garin nan. Matsalarsa ita ce cin lokaci. Gwaji ɗaya yakan ɗauki awa goma, ina kuma buƙatar wajen sittin kafin in iya rubuta babin sakamako.

A watan Disamban 2023 na sayi kwamfutar tebur ta hannu a Haraj, shafin da mutanen ƙasar nan ke saye da sayar da tsofaffin kaya. Kusan shekara guda na yi ina tara kuɗinta daga alawus, har sai da na ɗan rage abin da nake aika wa mahaifiyata a Kano na wasu watanni, da saninta da kuma albarkarta. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane matsayina. Masu bidiyo idan sun ƙona furosesa, kamfani ya aiko musu da wata. Ni idan tawa ta ƙone, karatuna ne zai tsaya.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma da bugun agogo take aiki. Idan an ce tana gudun gigahaz 4.5, ana nufin agogonta yana bugawa sau biliyan huɗu da rabi a daƙiƙa guda. Daga lambobi biyu ake samun wannan gudun: agogon tushe, wanda yawanci megahaz 100 ne, da lambar ninki. Ninki 45 ya ba ka gigahaz 4.5, ninki 50 ya ba ka 5. Abin da masu harkar ke kira obakilokin shi ne mutum ya shiga BIOS ya ɗaga wannan lambar sama da inda kamfani ya ajiye ta. Ba kowace furosesa ce ke yarda ba. A wajen Intel sai mai harafin K a ƙarshen sunanta, a kan madabod mai harafin Z. A wajen AMD kuwa yawancin Ryzen na tebur a buɗe suke. Tawa Core i5-12600K ce, wadda ta fito a Nuwamban 2021, mai manyan cibiyoyin aiki shida da ƙanana huɗu. Shirin da nake aiki da shi a kan manyan shidan yake gudu, su kuma idan duk suna aiki tare, a 4.5 kamfani ya tsayar da su.

Me ya sa ake samun rarar da za a ci? Saboda ko a faranti ɗaya na silikon aka yanko furosesa biyu, ba sa zama daidai. Wata ta fi wata juriya. Kamfani yakan zaɓi gudun da kowacce za ta iya, har da mai rauni, a ɗaki mai zafi, na tsawon shekaru. Mai ƙara gudu wannan rarar yake farauta. A da tana da yawa ƙwarai. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300, mutane suka gano cewa da an ɗaga agogon tushe daga 66 zuwa 100 sai ta koma 450, ƙarin rabi ke nan a kyauta. Yau kamfanoni sun waye, su da kansu suke tatse yawancin rarar kafin su sayar maka. Masu gasa dai har yanzu suna nan. A Disamban 2022 aka fara haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, amma da ruwan iskar hiliyom aka sanyaya ta, kuma na ɗan lokacin da za a ɗauki shaida ne kawai. Wannan wasan tsere ne. Ni dokin dako nake nema.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan ka ƙara gudu, dole ƙananan makunnan da ke cikin furosesa su riƙa buɗewa da rufewa da sauri, hakan kuma yana buƙatar ƙarin boltej. Wutar da take ci tana tashi daidai da gudu, amma a ɓangaren boltej ninkin kansa take bi. Wato idan ka ƙara gudu da kashi 11 cikin ɗari, ka ƙara boltej da kashi 16, wutar da za ta ci sai ta ƙaru da kusan rabi. Duk wat ɗin da ya shiga kuma zafi yake komawa, babu wanda ke ɓacewa. Ka yi tunanin wat 170 a kan ɗan silikon da bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. A boltej 1.27, wannan ya haura amfiya 130, irin wadda ƙaramin injin walda ke fitarwa. Intel ta sa wa irin tawa iyakar digiri 100. Da ta kai nan sai ta ja birki da kanta, ta rage gudu don kada ta lalace.

A ɗakina na Aziziyya na fara, cikin sanyin Disamba, ma'aunin zafin da na rataye a bango yana nuna 24. Kafin in taɓa komai sai da na auna ta yadda ta zo, na rubuta a littafi: gigahaz 4.5, boltej wajen 1.15, wat 125, zafi digiri 70. HWiNFO nake buɗewa don ganin lambobin, Cinebench don gwajin farko na minti goma, sai Prime95 don gwajin gaske. Shi Prime95 asalinsa don neman manyan lambobi na lissafi aka rubuta shi, amma da yake yana gwada amsar da furosesa ta bayar da amsar da aka riga aka sani, ya zama alƙalin masu wannan harka. Kuskure ɗaya ya gani, sai ya tsayar da wannan cibiyar ya sanar da kai.

Mataki ɗaya nake hawa a rana. In ƙara ninki ɗaya, in gwada. Idan ta tsaya cak ko ta nuna shuɗin allo, in ƙara boltej da 0.01, in sake gwadawa. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai farawa ya sani: boltej ɗin da ka rubuta a BIOS ba shi furosesa ke samu ba idan aiki ya yi nauyi, yakan ɗan zube. Madabod tana da matakan gyara wannan zubewar. Na zaɓi na tsakiya, domin na ƙarshe yakan sa wuta ta yi tsalle sama da abin da ka rubuta a daidai lokacin da aiki ya sauka, tsallen da manhajar awo ba ta cika kama shi ba. Bayan mako biyu littafina ya nuna haka: a 4.7 tana buƙatar 1.19, tana cin wat 140, zafi 76. A 4.9 tana buƙatar 1.27, wat 166, zafi 85. A 5.0 sai da na ba ta 1.33, wat 186, zafi 92. Duk wanda ya dubi jerin zai ga cewa matakin ƙarshe ya fi kowanne tsada, ribarsa kuma minti goma ce kacal a aikin awa goma. Na tsaya a 4.9, na bar Prime95 ya kwana yana dukanta, ta wayi gari ba kuskure. Gwajin awa goma ya dawo awa tara da minti goma.

Abokai biyu sun ba ni shawarar in sayi na'urar sanyayawa mai ruwa, wadda ke da famfo da lagireto kamar na mota. Na tsaya a kan mai iska, babban ƙarfe mai fikafikai da fanka biyu. Dalilina na farko kuɗi ne. Na biyu, famfo yakan mutu ba sallama, ita kuwa fanka idan ta tsaya ido zai gani, a canja ta da riyal kaɗan. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, don haka a gwajin minti goma sai lambobi su yi kyau. Ka bar shi awa biyu, ruwan ya ɗumama, tazarar ta ragu. Kuma da mai ruwan da mai iskar, babu wadda za ta iya sauko da furosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin. Abin da kowacce ke yi shi ne ta riƙe wata tazara a saman zafin ɗaki. Tawa a wat 166 tazararta digiri 61 ce. Ɗaki 24, furosesa 85. Ɗaki 36 kuwa, lissafin bai da wuya.

Na san zan gamu da ɗaki mai zafi, domin yarjejeniyar hayarmu a Aziziyya irin wadda aka saba ce a unguwar: ka zauna cikin sauƙin kuɗi, amma kafin aikin Hajji ka tashi, a ba alhazai ginin. A ƙarshen Mayun 2024 na kwashe kayana na koma wajen Shara Mansur, gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakansa a ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya bi ta Chadi da Sudan, ya tsallako teku daga Sawakin. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce sana'arsa, mukayyif kamar yadda kowa ke kiranta a nan. Ɗakin da ya ba ni a saman bene yake, rana tana dukan rufin tun daga hantsi. Da mukayyif a kunne, ma'aunina yana nuna 30 bayan Azahar. Idan aka kashe ta na awa ɗaya, 36 ne ko 37.

Ranar da nake haɗa kwamfutar ya hawo ya tsaya yana kallon ƙarfen nan mai fikafikai. Ya ce, “Ɗan nan, wannan ai ƙanwar mukayyif ce.”

Na ce, “Baba, ita wannan ba ta da gas, iska kawai take hurawa.”

Ya ce, “Duk ɗaya ne. Mutane suna zaton mukayyif sanyi take yi. Dako take yi. Ta ɗauki zafi daga ciki ta kai waje. In waje ya fi ƙarfinta, sai kayan su yi mata nauyi. Taka kuma a cikin ɗakin nan take sauke nata kayan, tawa ta zo ta kwashe. Ka ga dako biyu ke nan.”

Sai ya nuna mini takardar ingancin wuta da ke manne a jikin wata sabuwar mukayyif da zai kai wa wani. Lambobi kashi biyu ne a kanta: aikin da na'urar ke yi idan zafin waje digiri 35 ne, da wanda take yi idan ya kai 46. Na biyun ya fi na farkon ƙasa. Ya ce shi na biyun yake karanta wa mai saye, domin a watan da ake matuƙar buƙatar na'urar, shi ne gaskiya. Ko Harami, in ji shi, haka abin yake. Farin marmaran da ake taka wa a filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, yana mayar da hasken rana, amma sanyin cikin masallacin daga manyan tashoshi yake zuwa, ta Ajyad da ta Shamiyya, waɗanda ke turo ruwan sanyi ta bututu su kwashe zafin su kai shi nesa.

Kafin in saka ko gwaji ɗaya na bincikena a sabon ɗakin, sai da na mayar da kwamfutar gaban alƙali. Da mukayyif a kunne, a 4.9, zafinta ya tsaya a 91 kuma ta wuce. Sai na kashe mukayyif da gangan, domin aikin awa goma ba zai rasa ranar da na'urar za ta tsaya ina jami'a ba. Ɗaki ya hau 36, furosesa ta hau 98, bayan minti arba'in Prime95 ya tsayar da cibiya ta huɗu. Allon bai yi shuɗi ba, linzami yana motsi, komai lafiya a ido. Amsar lissafi ɗaya ce kawai ta fito ba daidai ba.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a harkar gaba ɗaya, kuma shi nake so ɗalibai 'yan'uwana su riƙe. Kwamfutar da ta mutu a tsakiyar aiki ta yi maka adalci, ta faɗa maka akwai matsala. Wadda ta ci gaba da aiki tana ba ka lambar ƙarya ɗaya a cikin biliyan ita ce mai cutarwa. Mai wasan bidiyo ba abin da zai rasa. Amma mai lissafin gini, ko mai nazarin alƙaluman asibiti, ko ni da zan rubuta cewa ƙofa mai faɗi kaza za ta fitar da mutum kaza a minti guda, kuskuren zai bi mu har cikin kundin digiri, da sa hannunmu a kai. Shi ya sa na tanadi wani ɗan gwaji na awa ɗaya daga cikin aikina, wanda na gudanar tun kwamfutar tana yadda kamfani ya saita ta, na adana sakamakon. Duk lokacin da na canja wani abu a BIOS sai in sake gudanar da shi, in gwada fayil da fayil. Idan ko harafi ɗaya ya saɓa, saitin ya faɗi.

Dalilin faɗuwar 4.9 a ɗaki mai zafi sananne ne. Silikon idan ya yi zafi yakan ƙara yoyon wuta, yoyon ya ƙara zafi, sannan boltej ɗin da ya ishe shi a digiri 85 ya kasa isarsa a 98. Hanya biyu ce a gabana. In ƙara boltej don ta tsaya da ƙafarta, wanda zai tura ta 100 ta fara jan birki, ko in sauko. Na sauko 4.7 a boltej 1.19. A ɗaki mai digiri 30 tana tsayawa a 82, idan mukayyif ta mutu ba ta wuce 89. Na kuma rage iyakar jan birkin daga 100 zuwa 90, don ta riƙa kare kanta da wuri idan ba na nan. Gwajin awa goma ya koma awa tara da minti 35. BIOS yana ba da damar adana saiti da suna, sai na adana biyu, na kira ɗaya Sanyi, ɗaya Zafi.

Makonni kaɗan bayan haka aka yi aikin Hajjin da ba za a manta da shi ba. A ranar 17 ga Yunin 2024 hukumar yanayi ta ƙasar ta auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, daga baya kuma ministan lafiya ya sanar da rasuwar alhazai 1,301. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu. A waɗannan kwanakin ban kunna kwamfutar da rana ba ko sau ɗaya. Muna ƙasa tare da Baba da 'ya'yansa muna miƙa wa masu wucewa ruwan sanyi, aikin bincike kuma sai bayan Isha'i, ya kwana yana yi ya gama da safe. A ƙasar nan doka ce, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Na ga babu laifi na'urata ma ta bi wannan dokar.

A watan Yuli kuma sai ga labarin da ya girgiza masu harkar kwamfuta a duniya. Intel ta amsa cewa furosesocinta na tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman boltej fiye da kima da kansu, abin da ke sa su lalace a hankali har su fara faɗuwa a gudun da aka sayar da su a kai. Ta fitar da gyara a Agusta, ta ƙara wani a Satumba, ta tsawaita garanti da shekara biyu, ta kuma bayyana cewa wadda ta riga ta lalace gyaran ba zai dawo da ita ba. Tawa 'yar zubi na 12 ce, abin bai shafe ta ba. Kafin nan, a Afrilun 2023, wasu Ryzen 7000 masu alamar X3D sun ƙone a kan madabod, har AMD ta taƙaita wani boltej na cikinsu a 1.3. Idan kamfanonin da suka ƙera abin za su iya zarce iyaka haka, ɗalibin da ke saman bene a Shara Mansur ya kamata ya taka a hankali. Lalacewar boltej kamar zaizayar ƙasa take. Wuta mai yawa da zafi suna kwashe ƙwayoyin ƙarfen ƙananan hanyoyin ciki kaɗan kaɗan, ba a gani a wata ɗaya ko biyu, sai ranar da saitin da ya yi shekara yana aiki ya fara ƙi.

Wani zai tambaya, kuɗin wuta fa? A nan ba shi ne abin damuwa ba. Gidan da bai wuce kilowat-awa 6,000 a wata ba, halala 18 yake biyan kowane ɗaya kafin haraji. Ƙarin wat 40 na awa goma kullum bai wuce kilowat-awa 12 a wata ba, riyal biyu da 'yan kai. Ribar ma ya kamata a faɗe ta yadda take: minti hamsin a kowane gwaji lokacin sanyi, minti 25 lokacin zafi. A gwaji sittin, tsakanin kwana ɗaya ne zuwa biyu na samu. Ga wanda ranar miƙa kundi ta matso, kwana biyu ba abin rainawa ba ne. Amma bai kai a sayar da lafiyar na'urar saboda shi ba, garin neman gira a rasa ido.

Ga 'yan'uwa da ke sha'awar gwadawa, ga abin da zan ce. Idan laftof gare ka, ka bar ta yadda take, ba ta da wurin fitar da ƙarin zafi. Idan ta tebur ce, ka sani kamfani yana iya janye garanti idan ka taɓa gudu ko boltej. Ka sayi ma'aunin zafin ɗaki kafin ka sayi sabuwar fanka, ka riƙa rubuta zafin ɗaki kusa da kowane sakamako. Ka koyi yadda ake mayar da BIOS asalinsa ta hanyar cire ɗan batirin madabod, domin akwai ranar da za ta ƙi tashi. Ka tabbata iska tana bi ta kan ƙananan na'urorin da ke kewaye da furosesa, masu sauko da bolt 12 zuwa ɗaya da 'yan kai, su ma suna zafi. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya yakan bushe, a sabunta shi. Ƙura kuma abokiyar gaba ce. A Makka duk wata nake wanke ragar akwatin, kuma ranar da na yi haka nakan ga digiri biyu ko uku sun sauka.

Waɗanda ke ƙasashen sanyi ma kada su saki jiki. Yawancin gidajen Ingila ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a can karon farko a tarihi. Saitin da aka gwada a Fabrairu, a sake gwada shi a Yuli. Masu niyyar komawa gida da kwamfutarsu kuwa, nasu lissafin ya fi na kowa tsauri. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, Afrilu yana kai 40, ga ƙurar hunturu, ga wuta mai zuwa da tafiya. Wanda ke kan sola da batir, kowane wat kuɗi ne. A irin wannan wuri, ilimin da mutum ya samu wajen ƙara gudu ya fi amfani idan ya juya shi: ya bar gudun yadda kamfani ya sa, ya yi ta rage boltej har ya sami mafi ƙarancin da za ta tsaya a kai. Na gwada a tawa, a 4.5 ta zauna lafiya a 1.10, ta sauko daga wat 125 zuwa wajen 114, aikin kuma bai ragu da ko minti ɗaya ba.

Yanzu na koma Aziziyya, saura gwaji tara in rufe babin sakamako. Ban mayar da ita kan saitin Sanyi ba tukuna. Sai ma'aunin bango ya yi mako guda bai wuce 25 ba, sannan Prime95 ya kwana a kanta, sannan fayilolina su yi daidai harafi da harafi. Idan Allah Ya sa na kammala, ƙanwata da ke karatun injiniya a Jami'ar Bayero ce za ta gaje ta. Na riga na adana mata saiti na uku, mai gudun kamfani da ragaggen boltej, na kira shi Kano. Littafin awon ma a cikin akwatin zan saka mata, tare da ma'aunin zafin ɗakin.